Haraji a Kano: yadda za ka biya daidai naka, da yadda za ka fita in bashi ya taru maka

Kwanakin baya wani abokin babanmu mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya kira ni wai in zo in duba masa wata takarda, na je na same shi yana cin gurasa, ya ja dirowa ya zaro ta daga ƙarƙashin damin rasitan POS, duk ta sha mai, gefe ɗaya har da tambarin kofin shayi. Takardar kimanta haraji ce, wadda hukuma ke rubuta wa mutum adadin da ta ce tana bin sa. Na duba kwanan wata na ce Baba ai wannan ta yi wata biyu a wajenka, ya ce eh ai ya ɗauka in bai kula su ba za su manta. Na ce Baba waɗannan ba sa mantuwa, kuma kwana 30 ɗin da doka ta ba ka ka ce ba ka yarda da lissafin ba sun wuce tuni. Ya ajiye gurasar.

Aikina kenan, ina riƙe wa 'yan kasuwa littafi, kuma mutanen da na gani haraji ya wahalar da su a garin nan, kaɗan ne waɗanda kuɗin ne ya fi ƙarfinsu. Yawanci rashin rubutu ne da kuma yin shiru. Mu Kanawa muna da tsohon tabo da kalmar haraji, iyayenmu na ba da labarin yadda ake shanya mutum a rana a ƙofar gidan mai unguwa saboda kuɗin da ba shi da su, shi ya sa da marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 aka yi ta murna, har yau ana yi masa addu'a. To amma wanda Rimi ya soke harajin kai ne, wanda ake ɗora wa kowane baligi ko yana da shi ko ba shi da shi. Harajin kuɗin shiga daban ne, yana nan bai je ko'ina ba, kuma shi a kan abin da ka samu ake yanka shi. Haka zakka, ita tsakaninka da Ubangijinka ce da mabuƙata, fitar da ita ba ya sauke maka wannan.

Fara sanin wa za ka biya wa, don nan mutane ke fara ruɗewa. In kai mutum ne kawai, ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai shago da sunanka, ko ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, irin wanda ake ce wa bizines nem, to harajinka na jihar da kake zaune ne, mu nan hukumar tattara haraji ta jihar Kano, KIRS. Zama ake dubawa ba asali ba, ɗan Katsina da ke zaune a Hotoro Kano zai biya, Bakanon da ya tare a Legas can zai biya. In kuwa kamfani ka yi wa rajista, wanda sunansa ke ƙarewa da limitad, to harajin kamfanin na tarayya ne, hukumar da muka sani da FIRS wadda yanzu ta koma NRS. Harajin VAT da ake ɗorawa a kan farashin kaya ma na tarayya ne, kashi 7.5 cikin ɗari. Amma harajin albashin ma'aikatan wannan kamfanin, har da kai darakta in kana ɗaukar albashi, jiha ake kai wa. Su kuma kuɗin rumfa da na shara da na allon talla da sauran tarkacen da ake karɓa a kasuwa, ba harajin kuɗin shiga ba ne, kar ka tara rasitansu ka ce ai na biya haraji. Ka adana su dai, za su yi maka amfani, zan zo kan wannan.

Dokar ta canza, kuma da yawa har yanzu da tsohon lissafi suke magana. Ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokokin haraji guda huɗu, suka fara aiki 1 ga Janairu 2026. Ga yadda ake yanka na mutum ɗaya a shekara: naira 800,000 ta farko babu ko kwabo. Naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15. Miliyan 9 da ke biye kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, duk abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. Hawa-hawa ne kamar matakalar bene. Wani ya taɓa ce min wai ba ya so a ƙara masa albashi kar ya faɗa kashi 18 a cinye masa kuɗi, na yi dariya har ya ji haushi. Abin da ya hau saman miliyan 3 kaɗai ake yi wa kashi 18, na ƙasa yana nan a yadda yake.

Ma'aikaci nasa ya fi sauƙi tunda wajen aiki ne ke cirewa kafin alat ya shigo, shi ne PAYE. Amma ka iya lissafin da kanka, kar ka bar wa akanta shi kaɗai. A ce albashinka 150,000 ne a wata, a shekara 1,800,000 kenan. Za a fara cire kason fansho, kashi 8, mu ɗauka a kan duka albashin ne don lissafi ya yi sauƙi, 144,000. A ce kana haya a Sheka ko Rijiyar Zaki kana biyan 400,000 a shekara, sabuwar doka ta ba ka rangwamen kashi 20 na kuɗin hayar, wato 80,000, amma rangwamen ba ya wuce 500,000 komai tsadar gidan. Saura 1,576,000. Cire 800,000 ɗin da ba a taɓawa, saura 776,000, kashi 15 ɗinsa 116,400 a shekara, wato 9,700 a wata. In ka duba takardar albashinka ka ga ana cire maka abin da ya yi nisa da wannan to ka je ofishin albashi ka tambaya cikin lalama, wataƙila ba su saka hayar ba ne.

Kuma rangwamen hayar nan ba ya zuwa da kansa, sai ka bayyana, ka kawo rasit ko takardar yarjejeniya. A nan ne muke da matsala, mai gida da ɗan haya sai su yi musabaha a ƙofar masallaci a tura kuɗi ta waya shikenan, babu takarda. Ka roƙi mai gidan ko dillalin ya rubuta maka, ko a takardar littafin 'yan makaranta ce, da suna da adireshin gida da adadin kuɗi da sa hannu, ka haɗa da shaidar tiransifa. Wanda ke zaune a gidan gado ko gidan kansa ba shi da wannan rangwamen, tsohon rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowa, wato 200,000 da kashi 20 na albashi, an cire shi. Sauran abubuwan da ake ragewa kafin a yanka haraji akwai kason asusun gidaje na ƙasa, da na inshorar lafiya, da inshorar rai. Mai mafi ƙarancin albashi, 70,000 na ƙasa, ba ya biya sam. Namu na Kano 71,000 ne, in ka lissafa shekara ka cire fansho za ka ga ya faɗo ƙasa da 800,000, shi ma ya tsira.

Abu ɗaya da ma'aikata ke sakaci da shi: cirewa daban, kai wa hukuma daban. Akwai makarantu masu zaman kansu da asibitoci da shaguna da ke cire wa ma'aikata haraji duk wata amma kuɗin ba ya isa ko'ina. Doka ta ce a kai shi kafin 10 ga watan da ke biye, sannan kafin 31 ga Janairu mai wajen aiki ya miƙa jerin ma'aikatansa da abin da ya cire wa kowa a shekarar da ta wuce. Hanyar da za ka gane ita ce ka nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ake ce wa tas kiliyarans, tana nuna shekara uku da suka wuce. Ka nema tun ba ka buƙace ta ba. Ranar da za a ce maka kawo ta don kwangila ko takardar fili ko takarar siyasa, ranar ba ta gyara ba ce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan in kana da wani abin a gefe, gidan haya, ko adaidaita sahu da ake kawo maka balas, ko shagon da ƙaninka ke zama, wannan PAYE bai rufe shi ba. Kowa da kowa, har mai albashi, doka ta ce ya miƙa bayanin kuɗin shigarsa na shekara kafin 31 ga Maris.

Yanzu 'yan kasuwa, inda maganar take. Abin da nake maimaita wa mutane har bakina ya gaji shi ne a kan riba ake biyan haraji ba a kan ciniki ba. Kuɗin da ke ratsawa ta akawun ɗin ɗan Kwari ko ɗan Singa ko ɗan Dawanau suna da yawa, amma yawancinsu ba nasa ba ne, na masu kaya ne. To amma wa zai tabbatar da haka? Kai. Da me? Da rubutu. In babu rubutu jami'i zai zo ya kalli shagon, ya kalli dilolin da ke jibge, ya kalli motar da ka faka a waje, ya yi ƙiyasi, kuma doka ta ba shi ikon yin ƙiyasin in ba ka kawo lissafi ba.

Bari in nuna da alƙaluma. Mai shago ya yi cinikin miliyan 30 a shekara. Kayan da ya sayar ya saro su ne a miliyan 25. Hayar shago 900,000, kuɗin yaran shago 720,000, mota da dako 600,000, wuta da man janareto da kuɗin rumfa da na masu gadi 280,000, duka miliyan 2.5. Ribarsa ta gaskiya miliyan 2.5 kenan. Yana hayar gida 500,000, a rage masa 100,000, saura miliyan 2.4. Cire 800,000, saura miliyan 1.6, kashi 15 ɗinsa 240,000 a shekara. Dubu ashirin a wata. Yanzu a ce ba shi da littafi, aka ga miliyan 30 sun shiga akawun aka ƙiyasta masa ribar miliyan 6, harajinsa ya zama 330,000 a hawa na biyu da 540,000 a hawa na uku, 870,000. Shago ɗaya, mutum ɗaya, shekara ɗaya. Bambancin 630,000 ɗin nan kuɗin littafin da bai saya ba ne.

Kuma ba wani littafi ne na a zo a gani ba. Babban littafi mai bango guda biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, kullum da yamma kafin a ja ƙofa a rubuta cinikin ranar, na tsaba nawa na tiransifa nawa na bashi nawa. Duk sarin da ka yi ka karɓi rasit, in mai kayan ba ya bayarwa, irin sarin da ake yi ta waya daga Legas ko Aba ko Kwatano, ka rubuta kwanan wata da adadi ka ajiye shaidar tura kuɗi da takardar motar da ta kawo kayan. 'Yan dako ba sa ba da rasit, na sani, ka rubuta kawai, dila goma, kaza, rana kaza. Yaron shago ko ba albashi kake ba shi ba, kuɗin abinci da na mota da na sallah da kake ba shi ka rubuta, ya sa hannu a ƙarshen wata. Ka sami kwalin takalmi ko jakar leda mai zif, kowane wata da tasa, rasitan POS kuwa ka ɗauki hotonsu don tawadarsu gogewa take yi, wata uku ka ga farar takarda. Doka ta ce a ajiye waɗannan takardu shekara shida.

Ƙarshen Disamba ka ƙirga kayan da suka rage a shago da sito. Wannan mutane ba sa son yi, wai ƙirga dukiya na kore albarka, amma dai in lokacin zakka ya zo ai ana ƙirgawa. Dalilinsa shi ne kayan da ka saro ba ka sayar ba ba a lissafa su a kuɗin da ka kashe na wannan shekarar, sai shekarar da suka fita. Kayan farkon shekara, a haɗa da sarin shekara, a cire na ƙarshen shekara, abin da ya rage shi ne kuɗin kayan da ka sayar.

Babban abin da ke kashe mu shi ne akawun ɗaya. Cinikin shago a nan, kuɗin adashi a nan, gudummawar bikin 'yarka a nan, kuɗin da yayanka na Saudiyya ya turo a kai wa Hajiya a nan, ajiyar maƙwabci a nan, kuɗin ginin masallacin unguwa da aka ba ka amana shi ma a nan. Kyauta ba kuɗin shiga ba ce, rance ba kuɗin shiga ba ne, ajiya ma haka, babu haraji a kansu, kuma jita-jitar da aka yi ta yaɗawa cewa duk kuɗin da ya shigo akawun za a zaftare haraji kai tsaye ba gaskiya ba ce. Amma ranar da aka ce kawo sitatimen na banki, kai ne za ka zauna kana bayanin alat ɗari bakwai ɗaya bayan ɗaya, wanne ne na shago wanne ne na biki. Buɗe akawun na kasuwa daban, Moniepoint ne ko OPay ko bankin da kake so, komai na shago ya bi ta nan. Kuɗin cefane ka tura wa kanka zuwa ɗayan. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara da kujerar Umara ba kuɗin kasuwa ba ne, ba a rage su daga riba, kar ka cusa su a littafin fita don in aka gano ɗaya sai a daina yarda da sauran. Kuma in za ka tura kuɗi ko za a turo maka, a riƙa rubuta dalili a wajen bayani, rance, adashi, gudummawa, kalma ɗaya ta isa.

Hajiya mai sayar da abaya da turaren wuta da kayan kicin a WhatsApp da Instagram, ke ma da ke nake. Rashin shago ba ya fitar da ke, riba riba ce ko a ɗaki aka same ta. Amma ki kwantar da hankalinki ki yi lissafi, ki cire sari da kuɗin data da na mai kai kaya da leda da kwalabe, da yawanku in aka yi haka ribar shekara ba ta kai 800,000 ba, babu abin da za ki biya. Rubutun dai ki yi. Lambar haraji kuma yanzu ba wahala, NIN ɗinki ita ce tushen lambarki, kamfani kuma lambar rajistarsa ta CAC.

Masu tambaya ta wai in koma limitad ne tunda an ce ƙananan kamfanoni ba sa biya? Gaskiya ne ƙaramin kamfani harajinsa sifili ne, tun dokar kuɗi ta 2019 aka yafe wa wanda cinikinsa bai wuce miliyan 25 ba, sabuwar doka kuma ta ɗaga iyakar sama sosai, da sharaɗin kadarorin kamfanin ba su wuce miliyan 250 ba, kuma ban da masu aikin ƙwarewa irin lauyoyi da akantoci. Manyan kuma kashi 30 suke biya da ƙarin kashi 4 na harajin raya ƙasa. Amma ni ba na saurin ce wa mutum ya koma. Kamfani ko bai biya ba dole ya miƙa lissafinsa duk shekara cikin wata shida bayan rufe shekararsa, akwai kuɗin akanta, akwai bayanin shekara na CAC wanda shi ma daban ne, kuma kuɗin kamfani ba naka ba ne da za ka zura hannu yadda ka ga dama, albashin da ka ɗauka za a yanka masa haraji. In har yanzu ba ka iya riƙe littafi biyu ba, limitad ƙarin ciwon kai ne. Wanda ke neman kwangila ko hulɗa da manyan kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa shi ne ya dace da shi.

Da na ambaci kwangila, akwai kuɗin da ake riƙewa tun daga tushe, ka kai kaya ma'aikata ko kamfani a biya ka a cire kashi 2, mai ba da haya a cire masa kashi 10, mai aikin ba da shawara kashi 5. Mutane na ɗauka ya tafi kenan. Bai tafi ba, kafin alƙalami ne na harajinka, a ƙarshen shekara ake rage shi daga abin da ake bin ka. Amma sai ka bi wanda ya cire ya ba ka shaidar cewa ya kai kuɗin da sunanka da lambarka. Na ga ɗan kwangilar da in da ya tattara waɗannan takardun, da hukuma ce za ta riƙe masa canji.

To wanda bashi ya riga ya taru masa fa, shekara uku, biyar, bai taɓa leƙa ofishin ba, ko ya yi rajistar kamfani saboda wata kwangila da ba ta samu ba ya watsar da takardun a durowar gado? Na farko ka san cewa mita na gudu. A sabuwar doka rashin yin rajista tarar 50,000 ce a watan farko da 25,000 kowane wata bayansa. Rashin miƙa bayanin shekara 100,000 a watan farko da 50,000 kowane wata. Lissafa wata shida, 350,000, ya fi harajin mai shagon can da muka yi wa lissafi na shekara guda. Jinkirin biya kuma ana ɗora kashi 10 da kuɗin ruwa a kai, mu da muke gudun riba sai ga mutum ya jawo wa kansa da hannunsa. Kamfanin da ba ya aiki ma dole ya miƙa bayani ya ce bai yi komai ba, shiru ba ya nufin babu.

Abin da nake sa mutanena su yi shi ne kar su fara zuwa ofis hannu rabbana. A zauna a gida tukuna. A je banki a karɓo sitatimen na shekarun, a fito da littafin bashi wanda shi kowane ɗan kasuwa yana da shi ko bai da na ciniki, a tono tsofaffin saƙonnin WhatsApp da masu kaya, rasitan haya, komai, a gina lissafin kowace shekara daban gwargwadon iko. Shekarun kafin 2026 da tsohon ma'auni ake lissafa su, wanda ke farawa daga kashi 7 ya ƙare a kashi 24, kar ka saka musu 800,000 ɗin nan. In kuɗin da yawa ka ɗauki ƙwararre mai rajista da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin masana haraji da akantoci, CITN ko ICAN ko ANAN, ka tambaye shi lambar rajistarsa, kar ka ji kunya. Sai ka je da kanka kafin a zo maka, ka miƙa bayanan, ka biya wani abu daga cikin asalin harajin ko rabi ne, sannan ka rubuta takarda kana neman a raba maka sauran kashi-kashi kuma a duba yiwuwar sassauta tarar. Ba dole ne a yafe ba, amma wanda ya kawo kansa da lissafi a hannu ba a yi masa kallon wanda aka kamo. Kuma kar ka yi alƙawarin abin da ba za ka iya ba, gara ka ce dubu hamsin a wata ka cika da ka ce dubu ɗari biyu ka karya a wata na biyu.

Wasu na zaune suna jiran a sake yin afuwa irin ta VAIDS, wadda aka yi daga Yulin 2017 zuwa Yunin 2018 aka yafe tara da ruwa ga wanda ya fito ya bayyana kansa. Ni dai ba zan ba ka shawarar jira ba, tarar ba ta jira.

In kuma takardar kimantawa ce ta riga ta zo, rubuta ranar da ta shigo hannunka a bayanta nan take. Kwana 30 gare ka. In ba ka yarda ba ka rubuta ƙorafi, a rubuce, ba ka je ka yi ta rantse-rantse a ofis ba, ka faɗi adadin da ka yarda da shi, da wanda ba ka yarda da shi ba, da dalili, ka liƙa kwafin shaidu. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a naka da kwanan wata, wannan hatimin shi ne komai. Hukuma na da kwana 90 ta ba ka amsa. In amsar ba ta yi maka ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ta shiyyarmu ta Arewa maso Yamma a Kaduna take zama, can ma kwana 30 ne, kuma sabuwar doka ta kafa ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji. In ka bar kwana 30 suka wuce ba ka ce uffan ba adadin ya zauna daram, ko ƙiyasin ya zarce gaskiya, daga nan ne ake kai wa ga garƙame shago da jan kyalle a ƙofa ko a umarci banki ya biya daga akawun ɗinka.

Sai maganar mu sasanta. Wani zai zo da kati a wuya, ko wani ɗan tsakani ya ce ya san mutane a ciki, kawo dubu hamsin a kashe maganar. Wani abokina mai kayan waya a Farm Centre ya yi haka shekara biyu a jere, ranar da ya je neman kiliyarans aka buɗe kwamfuta babu sunansa a ko'ina, mutumin kuma lambarsa ta daina shiga. Ana gudun gara an faɗa gidan zago. Kar ka ba kowa tsabar kuɗi, kar ka tura akawun ɗin mutum. A fitar maka da takardar biya mai lamba da sunanka, ka biya a banki ko ta hanyar intanet da hukumar ta tanada, ka karɓi rasit, ka duba sunanka da shekarar da irin harajin an rubuta daidai, don ana yin kuskure a saka kuɗin a wata shekarar.

Shi Baban namu na Kwari, da yake kwanakin sun wuce, abin da muka yi shi ne muka kwana uku ni da babban ɗansa muna haɗa lissafin shekara biyu daga littafin bashi da sitatimen, muka rubuta takarda muka amsa laifin jinkirin muka roƙi a duba lissafin, ya biya abin da lissafinmu ya nuna a banki muka liƙa rasit ɗin a gaba. Da muka je miƙawa ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. A hanyar dawowa ya sa na tsaya a bakin Sabon Gari ya sayi manyan littattafai guda biyu masu jan bango, ya ce wa ɗan nasa daga yau kai ne magatakarda, kuma in ka rubuta kuɗin gurasata a na fita sai na saɓa maka.